Kafur ɗin Rabi da Allunan Baba

Tun da na dawo daga Riyad ban sami sakewa a bakin shago ba. Wanda ya zo sayen carbi sai ya tambaya, wanda ya zo shan inuwa sai ya tambaya, har mai shayin layinmu ya fara kirana Balarabe. Na lura kuma kowa yana tafiya da guntun da ya ji yana ƙara masa gishiri. Shekaranjiya labari ya dawo min cewa wai an tsare ni a filin jirgi da bam a jaka. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, wanda ya karanta ya ba na kusa da shi, a bar ni in yi aikina.

Sana'ata yin carbi, a hannun mahaifina na gada. Shi, Allah ya jiƙansa, lokacin da wani kamfanin yin mataji da maɓallai ya rufe a Bompai, sai ya saye sauran kayan da ke sitonsu. Alluna ne na roba masu kauri, wasu launin zuma, wasu ja, wasu fari-fari irin hauren giwa. Ya jibge su a wani ɗaki a gidanmu da muka mayar sito, wanda bango ɗaya da rufi ɗaya ya haɗa shi da ɗakin mahaifiyata, Inna. Ina yaro aka yi wannan. Daga nan nake ɗiba ina yankawa, ina gurzawa a inji, ina hudawa, fiye da shekara ashirin, kuma har yau ban ci rabinsu ba.

Ɗan goggona Ɗanjuma, abokin wasana, direba ne a Riyad. Uban gidansa, wanda suke kira kafili, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama, mai sayar da carbi ne da turare, ana ce masa Abu Fahad. Wata rana Abu Fahad ya ga carbin da na ba Ɗanjuma, ya karɓa ya jujjuya, ya ce robar da ba a yin irinta yanzu ce. Ya ce in zo da samfur, musamman mai launin hauren giwa, a gwada a san ko mece ce, in ta yi masa mu ƙulla ciniki. Masu wannan launi ban taɓa aiki da su ba, don suna can ƙurya ne, jingine da bangon Inna. Sai da na yi rabin yini ina janye na gaba kafin na zaro guda huɗu, na yanko guntaye na zuba a wata jakar yadi, na miƙa wa matata Rabi ta haɗa min kaya.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Alƙahira na awa shida. Kusa da ni wani tsohon Bazazzagi ne da zai je ganin ɗansa ɗalibi. Duk abin da aka kawo mana a jirgi sai ya buɗe ya sunsuna ya tura min, ya ce shi bai yarda da abincin da ba a ga mai dafa shi ba. Na ci nawa na ci nasa, shi kuma ya yi ta fama da ƙuliƙuli.

A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid na fara shan kunya. Ana ɗaukar hoton yatsu kafin a buga wa mutum hatimi, na ɗora hannu, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Shekara ashirin ina murza ƙwayoyin carbi a jikin sanfefa, zanen yatsuna ya shafe sumul. Jami'in, wani saurayi mai haƙuri, ya kama hannuna ya duba ya ce wani abu da Larabci, ya kira na kusa da shi, su biyu suna kallon tafina. Layi ya yi tsawo a bayana, Bazazzagin nan yana cewa, "Malam, ko dai ba naka ba ne hannun?" Sai da aka shafa min wani mai, jami'in ya danne yatsuna da nasa hannun, sannan ƙaramin yatsa na hagu ya yarda ya nuna kansa. Guntayen robar kuwa mai binciken kaya ya ƙwanƙwasa ɗaya a tebur ya mayar, ya ce, "Yalla," wato in wuce.

Ɗanjuma na jirana a waje, ya yi ƙiba, ya sa farar jallabiya. Kafin gaisuwa ya ce, "Kai, bawana, haka ka tsufa? Shiga baya, yau ni ne zan tuƙa ka, gobe ka wanke min mota." Ɗakinsa a unguwar Malaz yake, hawa na biyu a wani tsohon bene, su huɗu ne a ciki: shi, da wani magini ɗan Maraɗi, da 'yan Gombe biyu masu aikin shago. Sanyin na'urar ɗakin ya fi ƙarfina, su kuwa ko a jikinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a zaman ƙofar gida. Titi fes, motoci fal, amma ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mutum uku zaune kan benci suna gulmar mai wucewa ba. Na ce wa Ɗanjuma ni a garin nan ciwo zan yi. Ya ce ai shi ya sa kullum suna kan waya.

Washegari Laraba Abu Fahad ya karɓe mu a gidansa da ke Nasiriya. Mutum ne mai fara'a. Aka kawo dabino da gahawa a wani ɗan finjali, ruwan bai kai rabi ba. A zuciyata na ce wannan attajiri da rowa yake. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Na shanye na miƙa, aka ƙara. A na bakwai Ɗanjuma ya ɗan taka min ƙafa ya ce, "Girgiza kofin, ɗan ƙauye, in ba haka ba sai ka ƙarar musu da buta." Ashe a wurinsu cika kofi kamar cewa ne sha ka tashi, tsiyaya kaɗan-kaɗan kuwa shi ne karramawa. Mu da ake cika wa baƙo kwano har ya zube. Bayan shinkafar da suke kira kabsa, da rabin rago a kanta, sai aka zaga da kaskon turare, kowa ya kara rigarsa da gemunsa, Abu Fahad har da carbinsa ya riƙe a kan hayaƙin. Ya ba mu takarda zuwa wani ɗakin gwaji a unguwar masana'antu, ya ce mu nemi Ustaz Usman.

Ran Alhamis bayan azahar muka je. Ustaz Usman dattijo ne ɗan Sudan, dogo, da farin gashi. Ya ji muna magana sai ya ɗago ya ce, "Sannunku da zuwa, mutanen Hausa." Kakarsa ce ta taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za ta hajji, ta tsaya a Sudan, a can ta yi zuri'a. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, yana yi yana cusa Larabci. Muka yi ta dariya, har na ji kamar a gida nake.

Ya buɗe jakar yadin, ya kai hancinsa, sai dariyar ta tsaya. Ya sake sunsunawa. Ya ɗauki jakar da hannu biyu ya fita da ita tsakar wurin, ya sa a wani akwatin ƙarfe a inuwa, ya rufe, ya dawo.

Ya ce, "Da wannan ka hau jirgi?"

Na ce, "Da ita, ranka ya daɗe."

"Akwai saura a gida?"

"Ɗaki guda."

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce robar nan ba daga man fetur aka yi ta ba, daga auduga ce. Na ce auduga dai da kakana yake nomawa? Ya ce ita fa. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, da hauren giwa ya yi tsada, Turawa suka gano in an jiƙa auduga a wani irin asid, aka kwaɓa da kafur, aka danne a injin matsa, tana zama curi mai tauri. Sai a yanka shi alluna, a shanya makonni, a yi mataji da maɓalli da ƙotar wuƙa da fim ɗin silima. Sunanta siluloid. Matsalarta, audugar da aka jiƙa haka 'yar'uwar albarushi ce. Masana'antu da gidajen silima da yawa sun ƙone saboda ita. Daga baya aka sauya asid ɗin zuwa dangin ruwan khal, aka sami wadda ake kira asitet, mai kama da ita a ido amma ba ta tashi da wuta haka. Kamfanoni da yawa sun daɗe suna aiki da duka biyun, a sito ɗaya.

Ya ce, "Tun kafin a yi waɗannan na'urori, gwajin farko na ma'aikata hanci ne. In ka ji kafur, to ka ja da baya. Kuma idan ta tsufa, ta ji zafi a ɗaki rufe, wani lokaci ba ta jiran ashana. Ban ce ita ce ba tukuna. Amma yanzu an tashi, mai makullin ɗakin gwajin wuta ya tafi, gobe Juma'a, jibi Asabar babu aiki. Ku dawo Lahadi."

Ban san yadda na fito daga wurin ba. A Kano bazara ake yi, rufin ɗakin kwano ne, Inna kuma kullum da la'asar sai ta hura garwashi ta yi turaren wuta, ta ajiye kaskon a gindin wannan bango. Gwiwarta ba ta barinta tafiya sai da sanda. Cinikin Abu Fahad ya fita daga raina gaba ɗaya. A cikin mota na kira Rabi na ce maza a kwashe Inna a kai ta gidan ƙanwata, kada a kunna ko ashana a sashen. Rabi ta kai mata wayar. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana.

Ta ce, "Kai, me ake cewa ne?"

Na ce, "Inna, ku bar ɗakin nan yau ɗin nan, kayan da ke sito suna iya kamawa da wuta."

"Wa ya ce?"

"Masana suka ce. Ba lokacin dogon bayani ba ne, ku tashi kawai."

Ta ce, "Daga zuwa ƙasar Larabawa har ka fara ba ni umarni? Ba inda za ni." Ta miƙa wa Rabi wayar. Na kira ƙanwata, na kira kawu, kowa ya je ya dawo, ta ƙi tashi. Abin da aka samu kawai, Rabi ta ɗauke kaskon ta ɓoye, Inna ta daina yi mata magana. Ranar ɗan Maraɗi ya dafa mana tuwo da miyar kuka don ya faranta min, na kasa kai loma uku. Tsoro nake ji, haushin kaina kuma ya fi tsoron, ni da nake taƙama na san robar nan kamar yunwar cikina.

Ran Juma'a da hantsi na buɗe akwati in ɗauko babbar rigata. Ina warware ta sai wasu fararen ƙwayoyi suka zubo suka gangara ƙarƙashin gado. Ɗaya daga 'yan Gombe ya toshe hanci ya ce, "Wallahi tun ranar da ka zo muke jin ɗakin nan kamar adakar kakata, kunya ce ta hana mu magana." Ni da na taso cikin wannan wari, tufafina kullum da shi, hancina ya daɗe da daina jinsa. Na tsaya riƙe da riga. Na kira Rabi.

"Kin sa min kafur a akwati?"

"To da fa? A bar maka shadda kyankyasai su ci?"

"Jakar samfur fa?"

"Ita na fi cika wa, ai daga sito ta fito, ƙura da gizo-gizo. Guda shida na sa a aljihun cikinta. Laifi ne?"

Ɗanjuma ya faɗi kan katifa yana dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Wataƙila kafur ɗin Rabi ne dattijon ya ji, wataƙila kuma akwai na robar a ƙarƙashinsa. A masallaci na yi addu'ar da ban taɓa yin mai tsawonta ba. Asabar Ɗanjuma ya zaga da ni kasuwar carbi don in sake, na ga wasu da ake ajiyewa a akwatin gilashi kamar zinare, na riƙa ɗauka ina sunsunawa har wani mai shago ya tambayi Ɗanjuma ko lafiyata ƙalau.

Lahadi tun kafin a buɗe ƙofa muna wurin. Na faɗa wa Ustaz Usman abin da ya faru. Ya zazzage jakar, ƙwayoyi shida suka faɗo, sun ɗan narke. Ya kama haɓa ya ce, "La ilaha illallah. Kakata ma haka take yi, har cikin buhun gero." Amma bai sake ba. Ya wanke guntayen da sabulu, ya kankare bayansu, ya tsoma a ruwan zafi ya sunsuna, ya ce bai ji komai ba, amma hanci ya riga ya yaudare shi sau ɗaya. Ya kai mu wani ɗaki mai murhun ƙarfe da bututun zuƙe hayaƙi. Daga wata kwalba ya ciro ɗan sili na ainihin siluloid, bai kai farce ba, ya ce in ga abin da ake gudu. Ya riƙe da hantsaki ya kara a wuta. Fuu! Kafin in ƙifta ido babu shi, harshen wutar ya kai tsawon hannu. A take na auna ɗaki guda na wannan.

Sai ya fige sili daga nawa na farko. Ya kara. Ya ɗan yi baƙi, ya lanƙwashe, ya kama a hankali yana ɗiga, wari mai tsami ya tashi haɗe da ƙaurin takarda. Ya hure ta mutu. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka. Daga nan ya ɗora kowanne a wata na'ura mai haska abu ta zana layi a allon kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, ya juyo ya ce, "Asitet ce, duka huɗun. Halas, magana ta ƙare. Je ka yi barci."

Na zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin mutane, na yi hamdala da ƙarfi. Ɗanjuma da ke shirin tsokana ya ga fuskata ya fasa. Ustaz ya ƙara da cewa ba duka ne daɗi ba. Ɗaya daga cikin huɗun ya fara ruɓewa irin tasu, duk allon da na ji yana tsamin khal in ware shi, don yana lalata na kusa da shi, kuma a buɗe wa ɗakin taga. Sannan ya ce, "Huɗu na gwada, ɗana. Ɗaki guda ban gani ba. Ka koma ka bi su ɗaya bayan ɗaya." Wannan ya rage min murna, amma na karɓa. Abu Fahad ya ji sakamako ya ce da Larabci mafi mushkila, wato babu matsala, muka yi magana mai daɗi, wannan kuma ba ruwan masu tambaya.

A bakin ƙofar wurin na kira gida. Na ce a ba ni Inna, na gaishe ta yadda ya kamata, na nemi afuwa, na ba ta labarin gwajin tiryan-tiryan, har da sauran aikin da ke jirana. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Wannan ne ya kai ka har can? Ranar da aka sauke kayan nan, babanku bai bari an shigar da ko ɗaya ba. A tsakar gida ya baje su. Ya karɓi kaskona, ya riƙa fige kusurwar kowane allo da wuƙa yana ɗorawa a garwashi. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin ne ya koya masa. Kwana uku yana yi, ni nake yi masa fifita. Waɗanda suka yi fuu ya ɗora a kura ya kai bayan gari ya ƙone, girarsa ɗaya ma ta tafi a nan."

Na ce, "Inna, me ya hana ku faɗa min ran Alhamis?"

"Tambayata ka yi? Cewa ka yi in tashi kawai. Kai a ganinka mutumin nan zai kwantar da ni a jikin wuta ya tafi ya bar ni? Ka ce wa matarka ta dawo min da kaskona."

Dawowa ba wani abin faɗa, illa yatsuna sun sake ba jami'an wahala, kuma an karɓe min turare ɗaya da ya wuce ƙa'ida a jakar hannu. Na iso gida da rana. Na gaida Inna, ta amsa a daƙile, ta tambayi Ɗanjuma da ƙibarsa. Ban ko cire kayan tafiya ba na buɗe sito na fara fito da alluna tsakar gida. Ga yankan nan a kusurwa, ɗan ƙarami, a karkace, irin na mai riƙe wuƙa da hagu kamar mahaifina. Shekara ashirin ina ganinsa a waɗanda nake ɗiba, na ɗauka ɓarnar lodi ce. Na yi ta fitarwa har la'asar, Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da sanda tana kallona. Na kai ga na ƙarshe, wanda ke can ƙasa manne da bangonta, na share ƙurar da hannun rigata. Shi kusurwa biyu aka yanka.

Na ɗago shi na nuna mata. Ta ce, "Na jikin bangon duk sau biyu ya yi musu."